Kalsiyam ya ɓoye bangon jijiya a hoton sauti, da wane awo za a zaɓi balan-balan?

Abokan aiki, don Allah a taimaka. Jijiyar jini ta cinya ce ta toshe, tsawon santimita 12, waya ta riga ta ratsa. Hoton rini (hoton jijiya bayan an zuba mata rini) ya ba da faɗin milimita 5, na'urar sauti ta cikin jijiya kuwa 6 a lafiyayyen ɓangare. A tsakiya ake fama: kalsiyam ya zagaye bangon, sauti ba ya ratsa shi, bayansa baƙi ƙirin, iyakar waje ta ɓace.

Balan-balan (wanda ake hurawa a cikin jijiya don faɗaɗa ta) mai milimita 5 ya kasa buɗe wurin, tsakiyarsa a shaƙe. Mai 6 kuma ana tsoron ya tsaga bango. Ƙaramin awon za a bi, ko sai an fara farfasa kalsiyam ɗin? Damuwata, in aka sa sitent (ragar ƙarfe mai riƙe jijiya a buɗe) a haka, ba zai buɗe sosai ba.