Talabijin plasma mai ƙas-ƙas ba ya kunnuwa: ana iya kai kamfani kotu?

Ummu_Hanif: Assalamu alaikum. Idan talabijin plasma ya fara ƙas-ƙas, jar fitilar gabansa tana ƙiftawa amma hoto bai zo ba, kuma garanti ya ƙare, laifin kamfani ne ko tsufa? Akwai hanyar neman diyya?

Injiniya_Sabo: Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan ƙas-ƙas ɗin galibi daga allon wuta yake. Kafasitocinsa (ƙananan gwangwanaye masu tara wuta) ne ke kumbura, kansu ya yi tudu ko su zubo da ruwa mai launin ƙasa, wutar da suke tacewa ta ƙi tsayawa, sai rilen (makunnin da ke haɗa wuta da kansa) ya riƙa kamawa yana saki. A sauya su da masu ƙarfi ɗaya, masu jure zafi 105°C, kuma a cire duk na jerin, kada a tsaya kan wanda ya kumbura kaɗai.

Idan da murya babu hoto, a duba allon Y-sustain, mai ba gilashin wutar da ke haska hoto. Akwai takarda manne a bayan gilashin mai ɗauke da awon wutar da gilashin ke buƙata, wato Vs da Va, na farko wajen 200V, na biyu wajen 60V. A gwada da mita a kwatanta. Inda masu gyara ke yawan asara shi ne su sa sabon Y-sustain ba su gwada allunan bafa (masu kai wutarsa cikin gilashin) ba, alhali bafa guda da ta ƙone tana iya kashe sabon nan take. Siririn layi a tsaye kuwa yawanci daga ƙananan aisi (IC, ƙwayoyin lantarki) ne da ke manne da gilashin, gyaransa bai cika biyan wahalarsa ba. Don Allah kada wanda bai iya ba ya buɗe: babban kafasita yana riƙe kusan 400V bayan an zare filogi.

Barista_Hadi: Malam Sabo ya ba ki rabin shari'ar, domin abin da kotu ke nema shi ne shaida cewa lahanin daga ƙira yake. Kafin a gyara komai, a ɗauki hoton allon da lambar samfuri da lambar siriyal, a sa mai gyara ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, a kuma adana kayan da aka cire. Wanda ya bari aka zubar da kafasitocin ya zubar da hujjarsa. Rasit ma dole ne.

Daga nan a rubuta wa wanda ya sayar da kayan wasiƙa, a aika wa kamfani kwafi, a ba su wa'adi, misali kwana 14. A ƙasashe da dama mai sayarwa ne doka ta fara kamawa. A Tarayyar Turai akwai lamunin shekara 2 na doka ko da garantin kamfani ya ƙare. A Ingila ana iya shigar da ƙara har cikin shekara 6, amma bayan wata 6 na farko mai saye ne zai tabbatar da lahanin. A Amurka an fi yin ƙarar taron dangi, wato masu saye da yawa su haɗu a ƙara ɗaya, kamar wadda Samsung ya sasanta a 2012 kan matsalar kafasita a wasu talabijin ɗinsa, har da na plasma.

Injiniya_Sabo: Barista, a ƙara da cewa tabon hoto da ke zama daram a gilashi kusan duk takardun garanti sun cire shi daga lissafi, suna ɗora shi kan yadda aka yi amfani da kayan.

Barista_Hadi: Haka ne. Babbar matsalar ma lokaci ce. Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera plasma zuwa ƙarshen 2014, saboda haka wa'adin ƙara kan sabon saye ya wuce a yawancin wurare. Wanda ya sayi na hannu kwanan nan daga ɗan kasuwa, sai ya bi ɗan kasuwar, ya nemi gyara ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma ranar da ke jikin rasit ce za a fara ƙirge da ita.