Shin sai sabon shiga ya sha naushi zai iya dambe?

Nasiru: Assalamu alaikum. Ina da magana, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Lallaɓa sabbin shiga da ake yi a wajen atisayen boksin cutarsu ake yi. A haɗa ka gwaji, wato damben koyo, da yaro, a ce kar ka sa ƙarfi, taɓa shi kawai. To ran da ya hau gasa wa zai lallaɓa shi? A ba shi na gaske tun wuri, mai zama ya zauna, mai gudu ya gudu.

Aminu: Wa alaikumus salam. Yaya Nasiru, mu nawa ne duka-duka masu boksin a Sakkwato da za ka ce mai gudu ya gudu? Leƙa filin Giginya da yamma ka gani, duk yaran suna wajen ƙwallo. Da ƙyar ake samun mai zuwa ya ce a ɗaura masa safar dambe.

Nasiru: Gara biyar masu zuciya da ashirin masu tsoro.

Malam Sani: Ni ta ɓangaren asibiti zan yi magana. Ana iya horar da ciki, da wuya, da numfashi, amma ba a horar da ƙwaƙwalwa ta saba da duka. A cikin ruwa take a ƙoƙon kai. In naushi ya kama haɓa, kai ya juya da sauri, sai ta girgiza ta bugi ƙashi. Jirin nan da ganin duhu daga nan suke. Kuma wanda ya samu wannan bai warke ba aka ƙara masa, na biyun ya fi haɗari. Shi ya sa a dokar damben 'yan koyo, wanda aka sumar sai ya huta aƙalla kwana 30, har gwajin atisaye ba zai yi ba.

Nasiru: Malam, ai hular kariya ma an cire wa maza tun 2013, haka aka yi gasar Olamfik ta 2016 a Burazil ba hula. Manya sun gane tsoro ne ya yi yawa.

Malam Sani: A gasa aka cire, ba a ɗakin atisaye ba. Kuma hujjarsu ita ce hular ba ta hana girgizar ƙwaƙwalwa, tsagewar gira da kumburi ta fi karewa. Ka ga hujjar tawa ce, ba taka ba. Kar ka ga yaro da hula ka ce ka samu lasisi.

Baba Umaru: Nasiru, mu da munka yi damben gargajiya da kara ga hannu, ba safa ba soso, ko mu ba mu yin abin da kaka hwaɗi. Yara ka buɗe hili, sa'a da sa'a. In anka jawo ma yaro wanda ya hi ƙarhinai, ubangidanai na iya cewa bai yarda da haɗin ba, kuma ba wanda ka kiranai matsoraci. Babban ɗan dambe ya kashe ɗan yaro, wa ka yi mai kirari? Sai dai a yi mai dariya.

Aminu: Allah ya ja kwana Baba.

Koci Bello: Na bari kowa ya faɗi tasa ne. Nasiru, me ya sa kake jin muke sa safa mai nauyin oza 16, mai kaurin soso, a gwaji, alhali ta gasa 10 ce ko 12? Don gwaji ba gasa ba ne, ba alƙali, ba wanda za a ɗaga wa hannu. In na haɗa ka da sabo, kai ma aiki na ba ka. Ka ajiye hannun dama, ka yi da hagu kaɗai. Ka gyara kauce-kaucenka, ka gyara takunka, ka bar shi ya kawo hari ka ga ko zai same ka. In ya sauke hannu, taɓa goshinsa ya san ƙofa a buɗe take, ba sai ka fasa masa hanci ba. Kuma ka riƙa kallon fuskarsa. Da ka ga ya fara runtse ido, ko ya juya maka ƙeya, ko ya riƙe numfashi har robar baki na neman faɗowa, to ya daina koyo, neman tsira yake. Ja baya ka bar shi ya dawo hayyacinsa. Yaron da aka fara da duka, runtse idon nan ne zai bi shi, kuma cire shi ya fi koya masa naushi wuya.

Koci Bello: Larry Holmes ya yi shekaru yana abokin gwajin Muhammad Ali kafin ya ci kambun duniya a 1978. Anthony Joshua ya je sansanin atisayen zakaran duniya Wladimir Klitschko a 2014 yana ɗan tasowa, a 2017 ya doke shi a Wembley. Da ragargaza su aka yi a atisaye, da ba mu ji sunansu ba.

Nasiru: Koci, da girmanku, waɗannan ba sabbin shiga ba ne. Joshua ya riga ya ci zinare a Landan a 2012 kafin ya je can.

Koci Bello: Gaskiyarka. To in mai zinare ma koyo ya je yi, ina ga wanda bai iya ɗaure bandejin hannu ba?

Nasiru: To bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Ku kuna cewa mu sassauta, amma su ba sa sassautawa. Ka ce masa a hankali, ya ce to. Ana cewa a fara sai ya sunkuyar da kai ya rufe ido ya yi ta wurgo hannu da duk ƙarfinsa, wani ta ƙeya, wani da gwiwar hannu, ga kai yana neman haƙoranka. Ni in tsaya ina murmushi?

Abdul: Yaya, ni sabo ne, bari in faɗi yadda abin yake daga nan. Wallahi ba mu san muna sa ƙarfi ba. In ka matso, jikina ne ke sandarewa, hannu ya tafi da kansa. Sai an gama in ji ana cewa na yi zafi.

Baba Umaru: Nan kam Nasiru ad da gaskiya. Yaron da bai jin magana, a aza mai guda ga haƙarƙari, shi ka sa ya natsu. Ban ce ga kai ba.

Malam Sani: Baba, haƙarƙarin ma yana karyewa, kuma hanta tana nan ƙarƙashin na dama.

Baba Umaru: Likita, in don ta taku ce ko tuwo ba mu ci da zahi.

Koci Bello: Akwai tsari. Na farko ka faɗa masa da baki. Bai ji ba, ka rungume shi ka tsayar da turmin, ka kira ni. Ni zan fitar da shi in mayar da shi kan buhu da madubi sai ya iya riƙe hannunsa. Irin Abdul tsoro ne, maganinsa turmi gajere na minti biyu, hagu kaɗai. Akwai kuma wanda da gangan yake yi, don ya je unguwa ya ce ya fasa wa babba baki. Wannan ban hana a ɗan taɓa masa ciki ba, amma ni zan ce a yi, ba kai da ranka ya ɓaci ba.

Aminu: Koci, safar oza 16 ɗin ma guda biyu ce ta rage, ɗayar soson ya mutu.

Koci Bello: To Asabar bayan La'asar ba gwaji sai mai robar bakinsa, kuma ba aro. Za mu yi karo-karon safa.

Nasiru: Ni dai na ji. Amma duk wanda ya auna haɓata sau uku, ba zan jira kiran kowa ba.

Koci Bello: Kai Asabar ba ka shiga. Kai za ka riƙe wa Abdul fad, soson nan da ake sawa a hannu mai koyo yana naushinsa, turmi huɗu.

Nasiru: Haba Koci.