Neman Hausar "sea wall": me ya sa na tsaya a kan "ganuwar teku"

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu fassara da masu rubuta labarai. Ina so mu tsayar da magana a kan kalmar Ingilishi ta "sea wall", domin duk lokacin da guguwa ta yi ɓarna a kan hanyar mota ko layin dogo da ke bakin teku, kowannenmu da sunan da yake ba wannan gini mai kare gaɓa daga igiyar teku: wani ya ce katanga, wani bango, wani shinge, wani ma ya ce madatsar ruwa, har mai karatu ya rasa gane abin da ya rushe da dalilin da ya sa gyaransa yake cin watanni. Shawarata ita ce "ganuwar teku", kuma zan kafa hujja da abin da ya faru a garin Dawlish na ƙasar Ingila.

Dawlish ƙaramin gari ne a yankin Devon, a kudu maso yammacin Ingila. Layin dogon da ya ratsa ta cikinsa injiniya Isambard Kingdom Brunel ne ya tsara shi, aka buɗe shi a 1846, kuma shi kaɗai ne ke sada birnin Plymouth da yankin Cornwall da sauran layukan ƙasar. An shimfiɗa shi a tsakanin duwatsun gaɓa da ruwan teku, a kan ƙasar da aka cike, sannan aka gina wani kakkauran gini na dutse ta ɓangaren ruwan. A daren 4 zuwa 5 ga Fabrairun 2014 guguwa ta fasa wannan gini, ruwa ya shiga ya yashe ƙasa da tsakuwar da ke ƙarƙashin dogon na tsawon kusan mita 80, gari ya waye ƙarafan dogon suna reto a iska babu abin da ke tallafe da su, aka kuma kwashe mazauna gidajen da ke bayan wurin saboda ramin ya doshi ƙofofinsu.

A lura da aikin da ginin yake yi, domin daga nan sunan zai fito. Ta gaba yana karɓar dukan igiyar ruwa dare da rana, ta baya kuma yana riƙe da ƙasar da jirgi ke bi a kanta. Da zarar an huda shi, ɓarnar ba ta tsayawa a jikinsa, tana wucewa ga duk abin da ya fake da shi.

Wani malami da muke girmamawa a wannan fage ya ce "katangar teku" ta wadatar, tunda ita ce fassara mafi kusa kuma ba wanda zai kasa fahimtarta. Allah ya gafarta Malam, ban ce kuskure ba ne, amma katanga a kunnen Bahaushe iyaka ce da sutura: tana raba gida da gida, tana kare idon mai wucewa, tsaye take siririya, kuma idan damina ta kayar da ita magini ɗaya da 'yan leburori sun isa su tayar da ita cikin kwanaki. Wanda ya karanta cewa katanga ta faɗi har jiragen ƙasa suka daina zuwa Cornwall na wata biyu zai ɗauka sakaci ne kawai na ma'aikata. Bango ya fi ta rauni a nan, tunda hankali yana tafiya ga jikin ɗaki. Shinge kuwa na kara ne ko ƙaya ko waya, ba ya tare ruwa ko kaɗan.

"Madatsar ruwa" ita ce na fi jin tsoro, saboda tana da kama da daidai. Mun riga mun ba Tiga da Bakolori da Alau wannan suna, kuma aikinsu shi ne su datse kogi a tsakiya su tara ruwa a bayansu don noman rani da sha. Ginin Dawlish bai datse komai ba, bai tara ko ɗigo ba, kwance yake a tsawon gaɓa yana mayar da ruwa inda ya fito. Mutanen da suka ga abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumbar 2024, idan aka ce musu madatsa ta fashe a Ingila, ambaliyar da ta shanye birni za su hango, alhali abin da ya faru daban ne.

Akwai "jinga", wadda manoman fadama suka sani sarai, wato tudun ƙasa da ake tayarwa a tare ruwa. Kalma ce mai kyau, kuma ina ganin mu bar ta ga bakin kogi da tafki. Wannan zai taimaki 'yan'uwanmu na Nijar da ke fassara daga Faransanci, inda kalma ɗaya ta "digue" take ɗaukar na kogi da na teku duka: na kogi ya zama jinga, na teku ya sami nasa suna.

Ganuwa kuwa tun asali an gina ta ne don tare abin da ke zuwa daga waje da ƙarfi, kuma mutane da dukiyarsu suna zaune a bayanta sun dogara da ita. Duk wanda ya tsaya kusa da abin da ya rage na ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, ya ga yadda gindinta yake da faɗi ƙwarai tana tsukewa zuwa sama, domin da nauyinta take tsayuwa. Haka gine-ginen bakin teku suke. Sannan ganuwa ba a gama ta a huta, a da sai an yi gayya an gyara inda ruwan sama ya cinye, kuma layin Dawlish ma tun ƙarni na 19 ake fama da gyaransa bayan guguwa.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne ganuwa tana zuwa da 'yan rakiyarta, ba sai mun ƙirƙiro wasu ba. Inda ta fashe sunansa giɓi, aikin da ake yi toshe giɓi ne, ƙasanta gindi ne ko tushe. A gwada ba da labarin gyaran da su a ji yadda yake zama. Ma'aikatan Network Rail, kamfanin da ke kula da layukan dogon Birtaniya, sun fara da yanke dogon da ke reto, suka jingina shi a jikin ƙasar da ta buɗe, suka fesa kankare a kai don kada zaizaya ta ci gaba zuwa gidaje. Sai suka jera kwantenonin jirgin ruwa a bakin giɓin, suka cika su da duwatsu da yashi, domin su sami inuwar yin aiki a bayansu. A ranar 14 ga Fabrairu wata guguwar ta sake zuwa ta lotsa kwantenonin, giɓin ya ƙara faɗi. Ga kuma cikar teku da janyewarsa sau biyu a yini, wanda shi ke yanke musu lokacin da za su iya taɓa gindin ganuwar. Ma'aikata kusan 300 ne suka yi ta aiki ba dare ba rana, aka zuba sabon tushe na kankare da ƙarfe, aka cike bayansa, aka zuba tsakuwa, aka shimfiɗa dogo, aka mayar da wayoyin sigina, har aka sake buɗe layin a ranar 4 ga Afrilun 2014, a kan kuɗi kimanin fam miliyan 35. Ban ji inda kalmar ta yi tuntuɓe a cikin wannan bayani ba.

Wata 'yar'uwa ta kawo suka mai ma'ana, ta ce ganuwa kewaye gari take yi, kuma da ƙasa ake gina ta, alhali wannan miƙaƙƙe ne na dutse da kankare. Hajiya, maganarki tana kan hanya, sai dai Hausa ta daɗe da sakin kalmar daga siffarta ta riƙe aikinta. Muna cewa wane ya zame wa marayu ganuwa, ba wanda ke tambayar ko ya kewaye su. Kuma jirgi da kansa na ruwa ne tun farko, muka ce jirgin ƙasa da jirgin sama ba mu ji nauyin baki ba. Ƙarin "teku" a bayan ganuwa irin wannan aikin yake yi, yana faɗa wa mai sauraro daga ina farmakin yake zuwa.

Sabon ginin da aka yi daga baya ya ƙara gaskata sunan. A 2019 gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 80 don sabuwar ganuwa a Dawlish, aka kammala ta a 2023. A kashin farko an ɗaga tsayinta daga mita 5 zuwa mita 7.5, an kuma lanƙwasa bakinta na sama ta fuskar ruwa yadda igiya idan ta hau jikinta sai ta juya ta koma teku maimakon ta tsallaka kan dogo. Muna kuma bukatar kalmar a gida, domin dogon jerin duwatsun da ke kare sabuwar unguwar Eko Atlantic a Legas, inda teku ya daɗe yana cin gaɓar Bar Beach, shi ma a ƙarƙashin wannan suna zai shiga.

Abu ɗaya nake roƙo kada mu haɗa. Ginin da ake miƙawa cikin ruwa, ko a ajiye shi nesa da gaɓa don ya karya ƙarfin igiya kafin ta iso, wanda Turawa ke kira "breakwater", ba ya riƙe ƙasa a bayansa, saboda haka ba ganuwa ba ne. Irin aikin da kwantenonin nan suka yi ke nan na 'yan makonni. Shi ina ba da shawarar mu ce "matarin igiya", kuma ina sauraron masu fassara daga Ghana da Kamaru, waɗanda suka fi mu kusa da bakin teku, ko akwai sunan da masunta da ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka riga suka ba shi.