Wace waya zan saya don sana'ar ɗinki?

Tela daga Kawo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan buɗe shagon ɗinki, ina son wayar aiki daban da tawa. Me zan duba?

Mai gyaran waya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Malam, fara da RAM, wato ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita, kada ya gaza 4GB. Mai 2GB tana sanƙarewa da zarar an haɗa WhatsApp Business da manhajar banki. Ma'ajiya 128GB, domin hotunan ɗinki suna cika 64GB da wuri. Batir 5000mAh, saboda halin wutarmu. Tecno, Infinix da itel sun fi sauƙin samun gilashi da batir idan sun lalace.

Hajiya mai atamfa:
Ɗana, gwada kyamarar a cikin shago kafin ka biya. Wata tana mayar da shuɗi kamar kore, sai mai kaya ta ce ba kalar da ta zaɓa ba ce.

Mai POS, Barnawa:
Sayi mai layi biyu, MTN da Airtel, duka da NIN ɗinka, ba na yaron shago ba. Idan ta hannu ce, danna *#06#, lambar IMEI da za ta fito, wato lambar shaidar wayar, ta dace da ta kwali, ka karɓi rasit, kuma mai ita ya cire asusunsa na Google a gabanka, in ba haka ba za ta kulle bayan an goge ta.