Mai kula da sitonmu ya ƙi sabon tsarin lissafi

Salamu alaikum. Ina riƙe da sitonmu na sari a nan Maradi, shinkafa da man girki, ma'aikata 9. Wata 3 ke nan da na mayar da lissafin kaya daga littafi zuwa kwamfuta.

Mai kula da siton, wanda muke kira Baba, ya yi wa mahaifina aiki tun ina ƙarami. Bai taɓa ce mini a'a ba, "to, Alhaji" kawai, amma har yau a littafinsa yake rubutawa, yaran kuma shi suke bi. Ranar Litinin mota ta zo ta hanyar Ɗan Issa, aka sauke buhu 60, kwamfuta ta nuna 0 har magariba. Na mayar da mai saye hannu rabbana alhali kaya na jibge.

Na kira taro sau 2. Na haɗa shi da yaro mai shigar masa da lissafi, ya mayar da shi ɗan aike. Da na yi maganar a gaban yara, kwana 2 bai kalle ni ba, kuma abin ya dame ni, don amanarsa ba ta da tamka.

Yaya zan sa ya karɓi tsarin nan ba tare da na zubar masa da girma ba?