Abin da na tsinta a hirarmu kan kallon finafinan duniya

Kwanan baya mun yi doguwar hira da wasu masu son fim kan yadda mutum zai ji daɗin tsoffin finafinai da na zamani, ga abin da ya zauna min a rai.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce haƙuri. Tsohon fim a hankali yake tafiya, kyamara sai ta daɗe kan fuskar mutum ba magana, in kana kallo kana danne-dannen waya wallahi ba abin da za ka gane. Wani ya kawo misalin Seven Samurai na Akira Kurosawa, fim ɗin Japan na 1954, baƙi da fari ne kuma ya haura awa uku, amma sai an kai yaƙin ƙarshe cikin ruwan sama za ka gane dalilin da ya sa aka daɗe ana gabatar maka da kowane jarumi.

Sai batun harshe, yawancinsu sun ce a kalli fim da muryar 'yan wasan ta asali a riƙa karanta fassarar da ke ƙasa, don muryar da aka ɗora tana cinye rabin wasan, ni ma gaskiya nan na tsaya. Haka duniya ta kalli Parasite na Koriya ta Kudu, fim na farko da ba na Turanci ba da ya lashe babbar kyautar Oscar, a 2020.

Wata kuma ta ce in darakta ya burge ka, ka bi finafinansa biyu ko uku a jere.