Mai gidan haya ya kawo wa Baba tsaraba daga ɗakin bautarsu

Ɗan Ader, Tawa
Salamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena yana Chennai, a kudancin Indiya, yana jinyar Baba, wata biyu ke nan. Mai gidan da suke haya ɗan Hindu ne, mutumin kirki. Ran da za a yi wa Baba aiki ya yi sammako zuwa ɗakin bautarsu na Kapalishwarar, ya dawo da ayaba, ɓarin kwakwa da farar toka a ƙunshe, wai na Baba ne. Yanzu kuma yana son kai yaron ya gani. Ni iyakar sanina abin da muke kallo a fim. Me ake yi a ciki? Baƙo na shiga?

Malamin lakwal, Yamai
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Na yi karatu can. Abin da ya kawo shi suke kira prasad: an miƙa wa abin bautar, an maido wa mai shi ya raba. Tokar ta masu bin Shiba ce, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautarsu, a goshi suke shafawa. In zai shiga, takalmi a ƙofa. Can ƙurya akwai ɗan ɗaki mai duhu inda gunkin yake, malaminsu kaɗai ke shiga. Shi ke kewaya fitila gabansa ana kaɗa ƙararrawa, ya fito da wutar, kowa ya kara tafin hannu ya shafi ido. Babbar ibadar ma ganin ne, kana kallonsa yana kallonka. Suna kewaye ɗakin yana hannun dama, akasin ɗawafi. A kudu galibi wanda ba Hindu ba iyakarsa farfajiya, kuma suna rufewa da tsakar rana sai wajen la'asar.

Hajiya mai sari, Bukoki
Ɗana, ba duka ɗaya ba. Na garin Puri ko ƙofa ba a barin baƙo. Akshardam na Delhi, wanda aka buɗe a 2005, na shiga da ƙafata, amma sun karɓe salula, ga layi kamar na biza.

Ɗan Ader, Tawa
Na gode Hajiya. To ayabar fa, Malam? Yaron ya rasa yadda zai yi.

Malamin lakwal, Yamai
Hukuncin ci na malaman addini ne, ka tambaye su. Ni dai nakan ɗora hannu a ƙirji in ce ni Musulmi ne, ba wanda ya taɓa ɓata rai. In ya karɓa, da hannun dama, kuma kar mai gidan ya tarar da ita a shara.